Minti Uku A Gaban Gilashi: Yadda Aka Hana Wani Ɗalibi Bizar Amurka, Aka Dawo Aka Ba Shi

A shekarar 2024 wani matashi ɗan ƙasar Kura a jihar Kano ya nemi bizar karatu ta Amurka har sau biyu a Abuja. Cikin watan Yuni aka hana shi, cikin Nuwamba aka ba shi. Makarantar ba ta canja ba, kwas ɗin bai canja ba, mai ɗaukar nauyinsa shi ne dai na da. Kuɗin da ya nuna a banki a karo na biyu ma bai kai rabin na farko ba. Shi ya sa na ga ya dace a baje lamarin a faifai, domin maganganun da ake yi a majalisa kan biza, irin su "ai sa'a ce" da "ka dai cika asusu da kuɗi", ba su bayyana abin da ya same shi ba.

Zan kira shi Injiniya, kamar yadda abokansa ke tsokanarsa tun yana aji biyu. Tsohon ɗalibina ne. Ya karanta injiniyancin noma a wata jami'ar tarayya a nan Arewa, ya yi bautar ƙasa, ya sami aiki da wani kamfanin shinkafa da ke ba manoma iri da taki ya sayi shanshera a hannunsu. Yaro ne da ya tashi a bakin kanal. Yankinsu na cikin aikin noman rani na Kogin Kano, wanda ke shan ruwa daga madatsar Tiga, ya ratsa Bunkure da Garun Malam da Kura. Ya san rigimar rabon ruwa tsakanin na saman kanal da na ƙarshensa, ya san gonar da gishiri ya fara fitowa a kanta saboda yawan ambaliya mata ruwa. Kan wannan ya rubuta takardar neman gurbin digiri na biyu, wata jami'ar gwamnati a tsakiyar Amurka ta ɗauke shi, a yankin da manoma ke ban ruwa da ruwan ƙarƙashin ƙasa na Ogallala, wanda ke ta ja da baya shekara da shekaru.

Jami'ar ta aiko masa da fom ɗin I-20, takardar da babu ɗalibin da zai nemi bizar karatu ta F-1 ba tare da ita ba. A jikinta aka rubuta cewa karatu da masauki da abinci da inshorar lafiya na shekara guda za su ci wajen dala 40,000. Sashen da ya ɗauke shi zai ɗauke masa kusan dala 28,000 a madadin aikin taimaka wa wani farfesa a bincike. Saura dala 12,000 a kan iyali. Da a ce farkon 2023 ne, da abin da sauƙi. Amma tun watan Yunin 2023 aka saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Dala 12,000 ta zama miliyan 18. Ga kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, dala 350, ga kuɗin neman biza dala 185, waɗanda ba a mayarwa ko an ba ka ko an hana ka. Su kaɗai sun tasam ma naira 800,000.

Mai biya

Mahaifin Injiniya ya rasu yana ɗan firamare. Ƙanen mahaifin ne ya riƙe shi, ya yi masa komai har ya gama jami'a. Baffan nan ɗan kasuwar Dawanau ne, yana sayen riɗi da zoɓo da waken suya lokacin kaka, ya zuba a sito, ya sayar wa masu fitarwa waje. Miliyan 18 ba ta fi ƙarfinsa ba. Sai dai duk wanda ya san harkar hatsi ya san dukiyar irin waɗannan mutane ba a banki take kwana ba, tana cikin buhu. Kuɗi na shigowa asusu yau, jibi sun fita sun koma kaya. Ranar da aka ciro takardar banki, abin da ke ciki bai fi miliyan shida ba.

Nan wani ejan biza ya shigo. Wani aboki ne ya haɗa su da shi, mai ofis a saman bene da hotunan jirage a bango. Ya duba takardar ya girgiza kai, ya ce da wannan ko ƙofar ofishin jakadanci ba za a bari ya wuce ba. Ya kawo dabara: akwai masu ba da aron kuɗi, a zuba miliyan 40 a asusun Alhaji na mako biyu, a ciro takarda, a mayar musu da abinsu tare da la'ada. Ya karɓi cika fom ɗin neman biza, wato DS-160, a hannunsa. Ya kuma ba Injiniya shafi huɗu na tambayoyi da amsoshinsu, ya ce ya haddace.

Ba na ganin wautar iyalin a nan. Mutanenmu sun saba da tafiya karatu Sudan da Masar da Indiya da Malesiya, inda galibi takardu ake miƙawa a jira sakamako. A zuri'arsu kaf babu wanda ya taɓa tsayawa gaban jami'in biza ana yi masa tambaya baki da baki. Wanda bai san hanya ba, duk wanda ya ce ya sani shi zai bi.

Ganawar farko

Ya kwana a Abuja, ya yi sammako, ya bar wayarsa a hannun masu ajiya a waje tunda ba a shiga da ita. Aka duba takardar alƙawarinsa, aka ɗauki hoton yatsunsa goma, ya bi layi. Ganawar a tsaye ake yinta, gilashi a tsakani, ana magana ta lasifika, na bayanka na jin abin da kake faɗa. Ya rungumo fayil mai kauri. Fasfo da I-20 kawai aka karɓa.

Ga yadda ya maimaita mini ita daga baya. Jami'in ya tambaye shi me ya sa wannan jami'a. Injiniya ya ɗauko amsar shafi na ɗaya: jami'a ce mai daraja a duniya, tana da ƙwararrun malamai da kayan aiki na zamani da ɗalibai daga ƙasashe daban-daban. Ya zubo ta ba numfashi, kamar ɗan makarantar allo na biya hadda. Jami'in bai ɗago daga kwamfutarsa ba. Ya ce wa zai biya sauran kuɗin.

"Ƙanen mahaifina."

Sai a nan ya ɗago. "Fom ɗinka ya ce mahaifinka."

Injiniya bai taɓa karanta fom ɗin ba. Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, ya ce ai duk ɗaya ne. Aka tambaye shi sana'ar mutumin, ya ce kasuwanci. Wane iri? Kasuwanci dai. Nawa yake samu a shekara? Bai sani ba. Ya yunƙura zai zaro takardar banki, jami'in ya ce ba sai ya gani ba. Ya turo masa fasfo da wata takarda mai ɗauke da lamba 214(b). Duka-duka abin bai kai minti uku ba, miliyan 40 ɗin aro kuwa ko kallon inda take ba a yi ba.

Me takardar ke nufi

Sashe na 214(b) na cikin dokar shige da fice ta Amurka ta 1952. Abin da ya ce a taƙaice: kusan duk mai neman biza ta wucin gadi, doka ta ɗauke shi mai niyyar zama ne dindindin, har sai shi da kansa ya gamsar da jami'in cewa ba haka ba ne. Ke nan ba jami'in ne zai nemo dalilin hana ka ba, kai ne za ka kawo dalilin ba ka. A kan ɗalibi abu uku ake son gani: da gaske karatun zai je yi kuma zai iya, akwai kuɗin da zai riƙe shi ba tare da ya fake da aikin da doka ta hana ba, kuma yana da mazauni a ƙasarsa da bai yi niyyar yin watsi da shi ba. Ba a ɗaukaka ƙara kan wannan hukunci. Amma ba haramci ba ne, mutum na iya sake nema. Ba kuma abin kunya ba ne: a shekarar kuɗi ta 2023, kashi 36 cikin ɗari na masu neman bizar F-1 a duniya baki ɗaya an hana su.

Jami'in ba ya faɗin takamaiman abin da ya sa ya hana, don haka abin da zan faɗa fahimtata ce. A ganina Injiniya ya faɗi tun kafin ya shiga motar Abuja. Mutumin da ke bayan gilashi ya riga ya buɗe DS-160 a gabansa, kuma yana ganin ɗaruruwan mutane a mako. Ba shi da lokacin tantance takardun da kowa ya san ana iya ƙirƙira a shagon kwamfuta. Abin da yake aunawa shi ne ko bakin mutum da fom ɗinsa da I-20 ɗinsa labari ɗaya suke bayarwa. Na Injiniya uku suka bayar. Da muka nemo kwafin fom ɗin muka karanta, ban da maganar uba, ejan ya rubuta cewa ba shi da aiki, wai don kada a tambayi takardar albashi. Ya goge masa hujjarsa mafi ƙarfi da hannunsa. A gurbin da ake tambaya ko wani ya taimaka wajen cikawa, ya sa a'a. Shafukan sada zumunta, waɗanda tun 2019 ake buƙatar mai nema ya lissafo na shekara biyar, ya sa Facebook ya bar sauran.

Allah ma ya rufa asiri da ba a karɓi takardar bankin ba. Kuɗin da suka faɗo asusu rana ɗaya ba tare da tarihi ba, duk mai ido zai gane su. Da an kama shi da yaudara, wani sashe ne dabam na dokar zai hau kansa, 212(a)(6)(C), wanda haramcinsa na har abada ne. Ejan ba ya cikin wannan hukunci, sunan yaron ne a kan fom.

Akwai kuma abin da ejan ba shi da laifi a kai, wato tarbiyyarmu. An koya wa Injiniya kada ya zuba wa babba ido, kada ya ɗaga murya, kada ya yabi kansa, kuma ƙididdige dukiyar wanda ya riƙe ka rashin kunya ne. Duk halaye ne na ɗan mutunci. Amma wanda ke wancan gefen gilashin bai tashi a Kura ba. Sunkuyar da kai da gajeriyar amsa a kan maganar kuɗi, a wurinsa alamar mai ɓoye wani abu ce.

Wata biyar na gyara

Da ya zo wurina, so yake ya sake neman rana a makon nan. Na hana shi. Komawa da labarin da aka ƙi, ba a canja komai ba, zubar da dala 185 ne. Ya rubuta wa jami'ar imel ya faɗi gaskiyar abin da ya faru, suka ɗaga masa zuwa zangon Janairun 2025, farfesan ya yarda ya riƙe masa gurbin aikinsa, aka aiko da sabon I-20. Kuɗin SEVIS bai sake biya ba, domin wanda aka hana biza yana da wata 12 da zai sake nema da shi.

Aiki mafi wuya shi ne Baffa. Muka same shi a rumfarsa a Dawanau, ana ta auna riɗi. Na ce, Alhaji, so muke yaron nan ya san harkarka ciki da bai, buhu nawa kake saya, ina kake kaiwa, me ke saura a shekara. Ya ɓata rai.

"Malam, yanzu sai na buɗe wa nasara cikina? Ko 'ya'yan da na haifa ba su san wannan ba. Ga zamanin da muke ciki, mutum ya ji kana da abu, dare ya yi a zo a ɗauke ka."

Tsoronsa na kan hanya, ban musa masa ba. Na ce ba a majalisa za a karanta ba, kuma in yaron bai iya amsa tambayar nan ba, to a bar maganar tafiyar kawai. Ya yi shiru, ya sa aka kawo mana shayi, sannan ya ɗauko wani littafi mai baƙin bango daga ƙarƙashin benci ya miƙa wa Injiniya. "Ungo. In ka tona mini asiri kai da Allah." Injiniya ya karɓa da hannu biyu yana cewa, "Allah Ya ƙara girma, Baffa."

Asabar uku ya yi yana zama a rumfar. Ya san a wane wata kuɗi ke fita, a wane wata suke dawowa, da kamfanonin da ke saye. Aka ciro takardar asusun kasuwancin ta wata shida, yadda take, da hawanta da saukarta. Aka haɗa da takardar rajistar kasuwanci da rasiɗan ciniki. Da aka sayar da wani kaso na zoɓon bara, Baffa ya ware miliyan 19 ya bar su ba a taɓa ba, ga rasiɗin da ke nuna inda suka fito. Kamfanin da Injiniya ke wa aiki ya ba shi takardar hutun karatu ba albashi.

Fom ɗin kuwa da hannunsa ya cika, layi-layi, ya ajiye kwafi. Inda aka tambaya ko an taɓa hana shi biza ya ce e, ya rubuta wata da shekara. Ya duba sunansa a fasfo da I-20 harafi-harafi, domin mu nan ba abin mamaki ba ne ka ga takardar sakandare ta ɗauki sunan gari, fasfo ya ɗauki sunan kaka.

Shafi huɗun ejan na sa ya yaga. Atisayen da muka yi ba na hadda ba ne. Nakan tsayar da shi, in zauna ina danna waya kamar ban damu da shi ba, in jefo tambaya. Sharaɗi biyu ne: ya kalle ni, kuma ya gama amsa cikin jimla biyu ko uku, kowace da wani abu da za a iya taɓawa, suna ko adadi ko wuri. In ya ce "jami'a ce mai kyau" sai in ce dubu ne masu kyau, me ya kai ka wannan? Ranar da haushi ya kama shi ya ce, "Malam, farfesan nan na'urar auna damshin ƙasa yake aiki a kai, mu kuma a Kadawa da ido muke ban ruwa har gona ta yi gishiri," na ce to ka ji amsar, kada ka ƙara mata kwalliya. Wani abin lura, Turancinsa ya fi fita daidai in yana maganar abin da ya sani. Inda-indar duk a cikin aron kalmomi take.

Mun daɗe a kan tambayar dawowa gida. Ejan ya koya masa ya ce yana ƙaunar ƙasarsa, zai dawo ya gina ta. Kowa haka yake faɗa, har wanda ya sayar da gadonsa ya sallami kowa. Ƙa'idojin da ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ba jami'anta sun yarda cewa ɗalibi matashi ba lallai ya mallaki gida ko iyali ba, niyyarsa ta yanzu ake dubawa. Don haka ba sai an ƙirƙiro fili ko an ɗaura auren gaggawa ba, kamar yadda na ji wasu na yi. Injiniya na da aikin da ke jiransa, da gonar gado da yake nomawa da ƙannensa, da mahaifiya. Na kuma tabbatar ya san dokar aiki, ko da za a gwada shi: awa 20 a mako a cikin harabar makaranta lokacin karatu, ba fita gari neman aikin leburanci ba.

Ganawa ta biyu

Wata mata ce a wannan karon. Ta karanta abin da na farko ya rubuta, ta tafi kai tsaye: me ya canja tun Yuni?

Ya ce wancan fom ɗin wani ne ya cika masa, bai karanta ba, laifinsa ne. An rubuta mahaifinsa ne mai biya alhali ya rasu tun yana yaro, ƙanen mahaifin da ya riƙe shi ne zai biya, an kuma rubuta ba shi da aiki alhali yana da shi. Ta tambayi sana'ar baffan. Ya faɗa mata riɗi da zoɓo, kasuwar Dawanau a Kano, da kimanin abin da ke ratsa hannunsa a shekara. Ta ce me zai sa ya biya maka, ba shi da 'ya'ya? Ya ce yana da su, shi ne ya biya masa tun daga firamare har digiri, kuma dala 12,000 ce kawai a kansa, jami'a ta ɗauki sauran. Ta duba I-20. Ta tambayi binciken, ya yi maganar damshin ƙasa da gishiri. Ta ce a jihar da za ka ai ba shinkafa suke nomawa ba. Ya ce masara ce, amma matsalar ɗaya ce, ruwa na ƙaranci ana kuma ɓarnarsa. Ta ci gaba da bugawa a kwamfuta, ta riƙe fasfon, ta ce an amince.

Ita ma ba ta buɗe fayil ɗin ba. Wani zai ce ashe wahalar banza aka sha wajen haɗa takardu. Ban yarda ba. Takardun ne suka sa ya san adadin da ya faɗa, kuma sanin cewa in an ce kawo zai kawo shi ya tsayar masa da murya. Ban kuma cire sa'a gaba ɗaya ba. Hukuncin mutum ɗaya ne cikin 'yan mintuna, na san masu gaskiya da shiri da aka hana. Abin da lamarin Injiniya ya nuna shi ne an rage abubuwan da za su sa a yi shakka, ba wai an sami makullin da ke buɗe kowace ƙofa ba.

Doka ta ba ɗalibi damar shiga Amurka kwana 30 kafin ranar fara karatu da ke kan I-20, ba fiye ba. Ya tashi a farkon Janairu, ya sauka cikin ƙanƙara. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 ɗaliban Najeriya 20,029 ne a Amurka, ƙasar ce ta bakwai a duniya, ta ɗaya a Afirka. Asarar zagayen farko, in an haɗa kuɗin ejan da la'adar masu aron kuɗi da kuɗin biza da mota da masauki, ta haura miliyan ɗaya da rabi, ga zango guda da ya wuce shi. Ejan bai mayar da ko kwabo ba, cewa ya yi yaron ne bai haddace da kyau ba.

Wanda zai ɗauki darasi daga nan ya sani ƙasa ta motsa bayan tafiyar Injiniya. A watan Yunin 2025 aka umarci masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu na sada zumunta yadda jami'ai za su iya dubawa. A watan Yuli aka mayar da yawancin bizar wucin gadi ta 'yan Najeriya ta wata uku, shiga sau ɗaya. A Disamba kuma aka sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza, har da ta ɗalibai, Nijar kuma cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya. Zaman Injiniya a can na tafiya ne da ingancin I-20 ɗinsa, amma in ya fito bayan bizar fasfonsa ta ƙare sai ya sake neman wata kafin ya koma. Saboda haka shi da Baffa suka yanke shawarar ba zai zo hutu ba sai ya kammala.